Ranar da Haladu Ya Yanke Kan Lambobin Nijar

Haladu na Inna Mairo tun ranar da aka haife shi a Kazaure yake jin tsoro, kuma har yau bai huta ba. Ungozoma ta rantse bai yi kukan farko ba sai da ya leƙa hagu da dama ya tabbatar babu akuya a ɗakin. Mu taubasansa ba mu ƙara gishiri a maganar ba, iyaka dai muna maimaita ta a kowane biki don kada ta ɓace.

Ubansa ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi. Uwarsa kuwa Bafullatana ce daga arewacin Babura, kuma yayanta, Kawu Hamma, shi ne mai garken gidansu. Da damina Kawu kan tsallaka da shanun cikin Nijar don kada su shiga gonakin mutane, in an yi girbi ya gangaro. Ranar sunan Haladu, Kawu ya ware karsana guda ya ce ta jariri ce, kamar yadda ake yi wa ɗan 'yar uwa. Karsanar ta haihu, 'yarta ma ta haihu. Ka ga ke nan Haladu mai shanu ne. Sai dai mai shanun da bai taɓa taɓa saniya da hannunsa ba. Sau ɗaya aka kai shi ruga yana yaro, wani ɗan maraƙi ya lashe masa kunne, ya zuba da gudu. Masu sassauci sun ce a bayan rugar aka kamo shi. Mu dai abin da muka ji, sai a garin Kanya Babba.

Da ya girma aka zaunar da shi a shagon uba. Almakashi ya hana shi sakat, wai kada ya yanka yadin mutane a karkace. Aka saya masa babur ya yi acaɓa. Wata tsohuwa da ya ɗauko ta ce ya sauke ta, sauri take yi, ta ƙarasa da ƙafa. Daga nan aka tura shi makarantar koyon kwamfuta, kuma a nan Allah ya yanke masa wahala, don kwamfuta ba ta da ƙaho, ba ta harbi, in ka ji tsoronta ma sai ka kashe ta ka rufe da ƙyalle.

Da takardar shaidar makarantar nan ya samu aiki a wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Babura, ƙarƙashin shugabanta Alhaji Daudu, mutum mai murya kamar ana mirgina ganga. Ofishin ɗaki ɗaya ne a gefen kasuwa: tebur, benci, kwamfuta, batirin hasken rana, babur na ƙungiya da lasifikar hannu rataye a ƙusa. A cikin kwamfutar akwai wani dogon jadawali, kowane ɗan ƙungiya da layinsa. Suna, gari ko ruga, noma yake ko kiwo, sai lambar waya a ƙarshe. Layukan nan in ka shimfiɗa su a ƙasa za su kai Roni su dawo.

Amfanin jadawalin shi ne sanarwa. Yawancin mutanen ba sa karanta rubutun waya, don haka Alhaji ke magana da Hausa da Fillanci a ɗauki muryarsa, sai na'ura ta dinga kiran mutane tana sa musu. Wanda bai ɗaga ba ta sake kira, ta sake, ta sake, kamar sauro a kunne. Amma na'urar tana da tsirfa guda: ba ta karɓar lamba sai da lambar ƙasa a gaba. Su kuwa mutane yadda suka faɗi lambarsu haka aka rubuta. Na gida doguwa, mai sifili a gaba. Masu layin Nijar kuwa, waɗanda ke cinikinsu da sefa, tasu gajeruwa ce, ba ta da sifili.

To ga yadda Haladu ke aikinsa. Ya buɗe layi ɗaya, ya ƙura masa ido. In doguwa ce ya cire sifilin ya sa 234. In gajeruwa ce ya bar ta yadda take ya sa 227. Ya yi bisimilla ya aika. Sannan ya mayar da lambar yadda ya same ta, don shi ba ya canza wa komai zama. Sai layi na biyu. Sanarwar taro kan isa ga mutum na ƙarshe bayan an yi taron, an watse, an share wurin.

Ba wai bai san wata hanya ba. Malaminsu a Kazaure ya koya musu cewa ana iya rubuta umarni guda, a ce wa kwamfuta abin da za ta yi wa lamba ɗaya, sannan a sake ta ta bi kowane layi daga sama har ƙasa ta yi masa haka, kafin ka ƙifta ido. Kamar telan da ke kusa da shagon ubansa, wanda kan jibga yadin kayan makaranta ya yanka da almakashi ɗaya. Haladu ya ci jarrabawar wannan darasi da maki mai kyau, ya kuma yi alkawari tsakaninsa da Allah ba zai taɓa yin sa a kan mutanen gaske ba.

Haka ya yi shekaru, har wata ranar kasuwa bayan girbi.

Da sassafe yana goge allon kwamfuta da gefen rigarsa, Alhaji Daudu ya faɗo ofishin babu sallama. Tun daga nan Haladu ya san ba lafiya ba, don Alhaji ko akurkin kaji zai shiga sai ya yi sallama.

"Kunna abin nan. Kunna!"

"Barka da asuba, Alhaji. Lafiya dai?"

"Ina lafiya! Amalanken masu noman rani ya kife a Tafkin Gawo Biyu, jarkokin maganin feshi sun fashe a ruwan. Kifi duk ya taso ciki sama. Awaki sun sha, ga su can a miƙe."

Kowa a ƙasar nan ya san Gawo Biyu. Shi ne ruwa na farko a kan burtali, hanyar shanu, in an tsallako daga Nijar. Kuma lokacin gangarowa ne.

"An sa mai gadi, Alhaji?"

"Mai unguwa ya ajiye wani tsoho da sanda. Kai ka taɓa ganin garke ya ji ƙanshin ruwa bayan doguwar tafiya? Ko soja ka ajiye sai sun bi ta kansa. Tun daga nesa za a juya su, su bi ta rijiyoyin gabas. Ɗauki muryata."

Aka ɗauki muryar, Hausa da Fillanci. Haladu ya zaro wayarsa ya kira Kawu Hamma. A kashe. Bai yi mamaki ba. Kawu wayarsa kamar turare yake tattalinta, saboda a daji babu wurin caji. Sau ɗaya yake kunna ta a yini, da hantsi: ya hau tudu, ya ɗaga ta sama, ya jira gwargwadon cin goro ɗaya, in ba ta yi kuka ba ya kashe ya mayar cikin jaka. Haladu ya lallashi kansa cewa na'ura ai ba ta gajiya, za ta yi ta kira har ta dace da hantsin.

Ya buɗe layi na farko. Ya ƙura ido. Ya cire sifili. Ya yi bisimilla. Ya buɗe na biyu.

Alhaji na tsaye a bayansa yana huci a ƙeyarsa. Da aka kai layi na biyar ya ce, "Haladu."

"Na'am, Alhaji."

"Shanun ne ka yi magana da su za su jira ka?"

"A'a, Alhaji."

"Yaushe za ka gama a haka?"

"In Allah ya yarda... kafin wata kasuwar."

Abin da Alhaji ya faɗa a nan ba na rubutawa ba ne. Tsoro biyu suka haɗu a ƙirjin Haladu, na umarnin nan da na Alhaji, kuma na Alhaji ya fi kusa.

"Akwai wata hanya, Alhaji, amma..."

"Amma me? Cizo take yi?"

"Tana yi wa kowa lokaci ɗaya."

"To dama me nake nema tun ɗazu? Yi!"

Ya rubuta. Cire ta farko, sa 234 a gaba, yi wa kowane layi. Abin da hannunsa ya saba yi ke nan sau dubu, shi ya sa ya fito masa a haka. Abin da idonsa ke yi kafin hannun, wato duba doguwa ce ko gajeruwa, wannan bai rubuta ba, don bai taɓa sanin aiki ba ne. Ya rufe ido ya danna.

Da ya buɗe, an gama. Ya ɗauka kwamfutar ta ƙi ne, sai ya ga layuka sun fara zama kore ɗaya bayan ɗaya, alamar an ɗaga an ji. Kore, kore, kore, kamar gonar gero bayan ruwan farko. A cikin kasuwa ma ana jiyo wayoyi na kuka, muryar Alhaji na tashi daga aljihunan mutane.

"Kai! Ashe kana da wannan ka bar mu muna tsufa?" Alhaji ya buga masa kafaɗa har ya kusa cin tebur. "Zauna ka sa ido. Ni zan nemo likitan dabbobi, in ga waɗanda za su killace tafkin."

Ya fita. Haladu ya zauna, ya ji wani abu da bai taɓa ji ba, wai shi ƙarfin zuciya. Ya miƙe ƙafa. Ya aika aka kawo masa shayi da ƙosai. Akwai jajayen layuka nan da can, amma ya ce ai mutanen daji ne, sai a hankali. Har wata akuya ta leƙo ƙofar ofis ya ce mata "kur" da kansa. Rana ta ɗaga, hantsi ya yi, ya fara wucewa, Haladu na tauna ƙosai.

A haka Dela ta same shi. Dela 'yar Kawu Hamma ce, tana aure a Babura, tana sayar da fura da nono ranar kasuwa. Ta sauke ƙwarya a bakin ƙofa, goyo a bayanta.

"Ɗan mace, yau kuma wa ya mutu ya bar maka gadon ƙosai?"

"Ke dai 'yar daji, ki yi sallama. Yau ni na kira duniya duka da yatsa ɗaya."

"Na ji ana ta maganar a kasuwa. Wayar kowa ta yi kuka ban da tawa, ko ka ji tsoron lambata ne?" Ta gyara goyo, ta tambayi labarin ubanta. "Baffa fa ya ji? Shekaranjiya ya ce min yau da azahar za su sha ruwa a Gawo Biyu, in kai musu kanwa can. Har da amaryarka, jar karsanar nan."

"Na'ura na kiransa."

"Nuna min."

Ya gangara zuwa layin Kawu yana taƙama. Ja ne. Ya dubi lambar. Ya sake dubawa. 234 a gaba, sannan wani guntun abu kamar jelar ƙadangare. Ya hau sama, ya sauka ƙasa. Duk layin da yake ja, gajere ne. Duk gajere, ja ne. Layin Dela ma, da yake na Nijar ne, ga shi nan, ja.

Ƙosan da ke bakinsa ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Umarnin ya yi abin da aka ce masa, babu ragi. A dogayen lambobi ya cire sifili. A gajerun, da bai tarar da sifili ba, ya cire abin da ya tarar, wato kan lambar kanta, ya kuma liƙa musu lambar ƙasar da ba tasu ba. Duk wanda ke da layin Nijar an fille wa lambarsa kai. Su wa ke da layin Nijar? Masu gangarowa. Mutanen da saboda su aka yi sanarwar. Manoman Gwiwa da ba su da ko tunkiya a hanyar sun ji gargaɗi tun da safe, masu shanu a kan burtali kuwa na'ura tana ta kiran iska da sunansu.

"Me ya faru? Ka ga fuskarka kuwa?"

"Na yanke su," ya ce da wata 'yar murya. "Na yanke musu kai."

"Su wa?"

Ya nemi hanyar mayar da jadawalin yadda yake, babu, don sabon ya hau kan tsohon ya zauna. Ya tuna akwai kwafi a wani ɗan filashi, sai ya tuna Alhaji ya ara ya zuba wa'azi a kai. Ya jawo akwatin tsohuwar rajistar takarda daga ƙarƙashin benci, ya buɗe, gara ta gaishe shi. Gumi ya jiƙa masa riga har wando. A idonsa yana ganin shanu a kwance a bakin tafki, fari da ja, ƙafafu sama, daga nan har inda ido ya tsaya, ga Kawu Hamma tsaye a tsakiyarsu da sanda. Shanun nan su ne gonar Kawu, su ne rumbunsa, su ne sunansa. Bafillacen da garkensa ya ƙare a yini ɗaya, ko ya rayu ba shi ba ne.

Ya ji kamar ya shige ƙarƙashin tebur. Ya ma fara duban wurin. Sai idonsa ya sake faɗawa kan guntayen lambobin, ya ga ya san su. Shekaru yana ƙura musu ido ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya san kan da aka cire ba zai wuce abu uku ba: yawanci tara, wasu takwas, ɗaiɗai bakwai.

Ya jawo kujera. Wannan karon ya fara da abin da ya manta: duba tsawon lamba tukuna, in doguwa ce kada ka taɓa ta. In gajeruwa ce, cire 234, sa 227, sannan ka yi ta gida uku, ɗaya da tara, ɗaya da takwas, ɗaya da bakwai, a kira duka. Kuma a sabon wuri, kada a hau kan komai.

"Ba ni wayarki. A'a, riƙe ta dai. Riƙe ta sama."

Ya saki umarnin a kan layin Dela kaɗai. Shiru. Shiru. Jaririn ya yi atishawa, Haladu ya zabura. Sai wayar ta ɗauki kuka, muryar Alhaji ta fito da Fillanci.

Ya saki sauran gaba ɗaya. Jajayen suka fara juyewa. Kore. Kore. Wani Ardo ya ɗaga, wani ya ɗaga, na bayansu ma. Haladu na bin su da yatsa yana salati, har ya iso layin Kawu.

Ja. Gida ukun duka ja.

Dela ta kira da wayarta. A kashe. Ta leƙa waje ta dubi inuwar rumfa, ta ga ta tsuke ta koma gindi. Hantsi ya tafi tuntuni. Kawu ya hau tudunsa, ya ɗaga wayarsa, ya ci goronsa, ya ji shiru, ya kashe, a daidai lokacin da na'ura ke kiran lambar da babu ita, Haladu kuma na cin ƙosai.

Aka kira Alhaji, wayarsa ba ta shiga. 'Yan acaɓa duk sun yi lodi sun bazu ƙauyuka.

Dela ta juyo. Ba ta ce ɗan mace ba, ba ta ce bawana ba, ba ta ce mijin kwamfuta ba.

"Haladu," ta ce. "Tashi."

Tunda suke bai taɓa jin sunansa tsirara a bakinta ba, kuma a duk abin da ya faru ranar, wannan ya fi ba shi tsoro. Ta ciro lasifikar daga ƙusa, ya zuba muryar Alhaji a ciki, ta rataya masa a wuya kamar laya.

"Ka bi burtali, kada ka kauce. In ka ga gawo biyu ka iso."

"Dela, shanu ne fa."

"Na sani. Tashi."

Mutumin da tsohuwa ta taɓa sauka daga babur ɗinsa don tana sauri, ranar nan kaji sun shaida shi. Masu dawowa daga kasuwa sun ce sun ga wani abu ya wuce da farar riga yana salati da ƙarfi, ba su tantance mutum ne ko aljan ba. Yashi ya kayar da shi sau biyu, ƙaya ta kwashe masa hula, bai tsaya ɗauka ba. Tsoron faɗuwa na gabansa, tsoron shanu na jiransa, amma wanda ke bayansa yana kora shi ya fi su duka.

Tun kafin ya ga itatuwan ya ji warin, mai hawa kai, irin na shagon maganin gona. Tafkin na nan kwance lumui kamar ba abin da ya faru, sai fararen cikunan kifi a gefe. Ga tabarmar tsohon mai gadi, ga sandarsa jingine da gawo, shi kuwa ya tafi cikin gari sallar azahar.

Babu kowa. Haladu ya kashe babur ya ce alhamdulillahi, wataƙila sun bi wata hanya.

Sai ya ji ƙasa na motsi a tafin ƙafarsa.

Daga arewa, bayan wani ɗan tudu, ƙahoni suka fara ɓullowa. Biyu, goma, sannan daji guda na ƙahoni. Ba tafiya suke ba, sassarfa suke, wuya a miƙe, hanci a buɗe. Sun ji ruwa. Makiyayin kuwa ko hularsa ba a hangowa, sun baro shi can baya.

Haladu ya zagaya tafkin da gudu. Shi kansa bai san ƙafafun wa ya ara ba. Ya tsaya a tsakiyar burtalin, ruwa a bayansa, garke a gabansa, ya buɗe baki zai yi ihu. Babu abin da ya fito. Ya sake buɗewa. Ko iska. A gaban garken akwai wani farin bajimi mai tozo kamar rumbu, ƙahonsa ɗaya ya isa a yi wa Haladu gado da shi, kuma shi yake kallo.

Ya dafe ƙirjinsa, hannunsa ya dace da madannin lasifika.

Muryar Alhaji Daudu ta fashe a dajin nan kamar aradu. Kada a sha ruwan Gawo Biyu! Guba ce! Da Hausa, da Fillanci, ta koma farko. Bajimin ya ja birki, ƙasa ta watso wa Haladu a fuska. Na bayansa suka yi karo da shi, suka cunkushe, suna huci, suna kaɗa kai. Bajimin ya matso har Haladu na jin ɗumin numfashinsa a cibiya. Haladu ya rufe ido, ya ɗaga lasifikar da hannu biyu, ya yi kalmar shahada a zuci tunda baki ya ƙi.

Wani abu ja ya gifta ta gefensa. Karsana ce, ko kallon lasifikar ba ta yi ba, ta nufi ruwa kai tsaye. Haladu bai yi shawara da kowa ba, ya saki hannu ɗaya ya cafki jelarta. Ta ja shi kamar buhun ƙaiƙayi, ta cikin ƙaya, ta cikin taɓo, har gwiwarsa ta nutse, ta tsoma baki.

Sai wani kira ya taso daga bayan tudu, dogo, siriri, mai lanƙwasa a ƙarshe. Kawu Hamma ne. Ya ji saƙon tun daga nesa. Ya sake kiran, garken nan duka ya juya kamar mutum ɗaya, har bajimin, suka koma wajensa suna kukan ƙishi. Ya bar su a hannun iyalinsa da ke tafe da jakuna, ya iso da gudu, ya maƙale wuyan karsanar da igiya ya fizge ta daga ruwan. Sannan ya fizgo Haladu.

"Tuɓe," ya ce. "Duka. Maza."

Ya juye masa gorar ruwansu a jiki, ya cuɗe shi da hannu kamar jariri, ya ba shi wata tsohuwar rigarsa mai warin hayaƙi da man shanu. Sai a lokacin ya dube shi sosai.

"Ɗan Mairo? Kai ne? Kai kaɗai?"

Haladu ya gyaɗa kai.

Aka ɗura wa karsanar madara, aka ɗura mata gawayi da aka daka. Ta tsaya tana rawar jiki, yawu na zuba. Can ta durƙusa. Kafin Alhaji Daudu ya iso da likitan dabbobi a bayan wata tsohuwar mota, ta kwanta. Likitan ya yi mata allura, ya girgiza kai, ya ce ko ta mutu kada wanda ya ci naman, a haƙa rami mai zurfi.

Haladu ya tsuguna kusa da Kawu, murya ta dawo masa kaɗan.

"Kawu, da hantsi ka kunna waya?"

"Na kunna. Ba ta ce komai ba."

"Da ta ce. Ni na ɓata lambar. Da kun juya tun can."

Kawu ya daɗe yana kallon garkensa da aka tsare can nesa, suna nan a tsaye, ƙafafu huɗu huɗu a ƙasa. Bai tambayi yadda ake ɓata lamba ba. Ya nuna karsanar da haɓa.

"Ka san ta?"

"A'a, Kawu."

"Taka ce. Jikar wadda na ba ka ranar suna. Duk garken nan ita kaɗai ce ba ta tsoron komai. Kullum ina mamakin yadda aka yi ta zama taka."

Haladu ya matsa. Ya miƙa hannu, ya janye, ya sake miƙawa, ya ɗora a wuyanta. Da ɗumi, da laushi, ba yadda ya zata ba. Bai ɗauke ba har ta daina numfashi, wajen la'asar. Shi ya karɓi fartanya ya fara haƙa ramin.

A ranar garke ko ɗaya bai sauka Gawo Biyu ba bayan na Kawu, duk sun bi ta rijiyoyin gabas. Sai dai Alhaji ya yi mako yana amsa kiran baƙi daga cikin Nijar, waɗanda tara ko takwas ɗin Haladu ta faɗa wa bisa kuskure. Wani daga can cikin hamada ya ce ya gode da gargaɗi, amma don Allah a kwatanta masa inda tafkin yake, su rabonsu da ganin ruwa a kwance tun yana saurayi.

Shi kuwa Haladu ya shigo Babura da rigar Kawu da malafa, Dela ta ce saura sanda da kitso a kai shi sharo. Ya yi kwanaki yana duba harshensa a madubin babur ko gubar ta kama shi. Yanzu jadawalinsa yana da gidan lambar ƙasa a kowane layi, kwafinsa uku, ɗaya a ƙarƙashin katifar Inna Mairo a Kazaure. Umarnin nan yana amfani da shi kullum, sanarwa kan fita kafin shayinsa ya huce, amma ba ya sakin sa sai ya gwada a kan layin Dela, har ta ce za ta kai ƙararsa wajen mijinta.

Bana da aka gangaro, Kawu ya aiko a ce masa ƙanwar jar karsanar ta haihu, ya zo ya gani. Ya je. Ya tsaya daga bayan jaki ya leƙa, ya ce masha Allah, kyakkyawa ce, a bar ta a can.